Tokar da Aka Gasa a Kasko

Maestro Casimiro Tepox, maƙerin kayan gwaji na jami'a, bai taɓa ganin ƙwayar toka guda tana faɗuwa a cikin Tukunya da idonsa ba, ko da yake shi ya ƙera Tukunyar. Haka kowa ke kiran ta a sashensu. Wani tulun ƙarfe ne da ya kai ƙirjin mutum, da 'yar tagar gilashi a gefe. Sai a zuƙe iskar da ke ciki tas, a saka wata iska kaɗan, a kunna mata lantarki har ta ɗauki haske shuɗi mai ratsin ja. Wannan hasken shi suke kira filasma. Can sama akwai ɗan faifai mai huda, ana ƙwanƙwasa shi toka ta riƙa zubowa ƙwaya ɗaya-ɗaya, ta ratsa hasken ta kwashi caji, ta faɗa cikin wani ƙoƙon tagulla a ƙasa. Duk ƙwayar da ta faɗa sai wani layi ya zabura a allon kwamfuta. In ya yi ƙasa, cajin ragi ta ɗauko. In ya yi sama, na ƙari ne, kamar dai kawunan batir biyu. Iyakar abin da Casimiro ya sani ke nan. Shi a sakandare ya tsaya, sauran iliminsa a hannu yake.

'Yarsa Briseida ce ke aiki da Tukunyar. Shekara uku ke nan tana auna tokar Don Goyo, dutsen nan mai aman wuta da ke kusa da garinsu, don kundin digirinta na dakta. Duk ran da dutsen ya yi tari, Casimiro kan hau rufin gidansu a garin Cholula na ƙasar Mexico da tsintsiya da bokiti kafin ruwa ya taɓa tokar, a kawo ta jami'a a busar a tanderun lantarki, a tankaɗe, a zuba a kwalba a liƙa mata lamba. Kwalba ta ɗaya zuwa ta shida, layin ƙasa yake yi, kamar yadda littattafai suka ce. Ta bakwai kuwa, tokar watan Mayu wadda ta sa aka rufe makarantu, sama take harba layin. Briseida ta rubuta babi guda a kan haka, cewa tokar Mayu daban take. Babin shi ne ƙashin bayan kundin.

Ranar Litinin Dakta Arriaga, mai duba aikinta, ya sauko ɗakin gwajin da takardun a hannu. Casimiro yana durƙushe bayan Tukunya yana canza wa famfon zuƙe iska mai.

"Layin nan ba ya hawa sama, Briseida," in ji Dakta. "A wannan ƙarfin wutar ba ya hawa. Ba ni na ce ba."

"To ga shi yana hawa, Dakta. Sau dubu biyu da ɗari uku ya hau. Ko in roƙe shi ya sauko don kada ranka ya ɓaci?"

"Datti ne. Ko maiƙon hannu, ko wata waya ta saki." Ya ɗan waiga bayan Tukunya. "Ƙirar gida ce dai."

Casimiro ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Ba al'adarsa ba ce ya sa baki in masu digiri suna magana, amma kunnuwansa sun riga sun yi zafi.

"Ƙirar gida ce, Dakta. Shekara tara ba ta taɓa yoyon iska ba. Wadda aka sayo daga waje tana can ƙarƙashin tamfol, ɓeraye har sun yi jikoki a ciki."

"Maestro, ba da kai nake ba."

"Da Tukunyata kake."

Dakta Arriaga ya ajiye takardun a kan tebur ya danne su da yatsa. Ya ce kwamiti zai zauna ranar Juma'a. Ko ta cire babin nan, ta bar toka, ta koma auna 'yan ƙwallayen gilashin da aka kawo daga Jamus, waɗanda kowa ya san girmansu da tsabtarsu, ko kuwa shi ba zai sa hannu ba. Komawa gilashi shekara guda ce sabuwa, kuma wa'adin Briseida bai kai haka ba.

"Jamusawa sun auna gilashinsu har sun gaji," ta ce. "Tokar da ke zuba a kanmu ce ba wanda ya auna. Ba na cirewa."

"Sai Juma'a ke nan."

Da Dakta ya fita, tsoro ya kama Casimiro. Shi mutum ne mai yawan fargaba, tun tana jaririya yake tashi ya duba ko tana numfashi. Amma ya dubi yadda ta tsaya, haɓa a sama kamar uwarta a kasuwa, sai ya ce, "Bar shi, 'yar nan. Zan kwance ta ƙusa-ƙusa. In ya sami aibu guda a jikinta, ni da kaina zan kai ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe."

Haka ya yi. Yinin Litinin da na Talata yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke ƙoƙon tagulla, ya canza faifan sama, ya gwada kowane haɗi. Bai sami komai ba. Da aka mayar aka kunna, kwalba ta bakwai ta ci gaba da harba layinta sama. Ya koma gida ranar Talata yana fito a cikin bas.

Laraba da safe Briseida ta riga shi fita. Yana zaune a kicin da kofinsa, matarsa Doña Hermila ta ɗauko kaskon yumɓunta na gasa tortiya, wainar masarar da suke ci kullum, ta dama farar ƙasa da ruwa a gwangwani, ta tsoma tsumma ta shafe fuskar kaskon. Ta ɗora a wuta. Yana kallo ruwan ya bushe, kaskon ya yi fari fat, ta hure garin da ya rage. Sau dubu nawa ya ga wannan a rayuwarsa, bai taɓa lura ba. Yau kuwa garin da ta hure ya tashi a cikin hasken taga, ya tsaya yana yawo.

Ya ajiye kofin.

A watan Yuni ne. Briseida ta tafi taro birnin Mexico na mako guda, ta bar masa takarda: tokar Mayu, tanderu, zafi ɗari biyu, awa huɗu. Ya je ya tarar tanderun ya ƙone. Bai so ta dawo ta sami aiki a tsaye ba. Zafi ai zafi ne, haka ya ce a ransa. Ya ɗauki tokar ya kai gida, ya baza ta a kaskon nan yana juyawa da cokali, ya tankaɗe, ya zuba a kwalba, ya liƙa lamba bakwai. Kafin ta dawo ya gyara tanderun da kansa, abin ya fita daga kansa.

"Tsoho, lafiya? Ka yi fari kamar kaskon."

"Hermila, ran nan da na gasa toka a nan..."

"Ka ɓata mini shi, kwana uku tortiya tana ƙasa-ƙasa a baki. Ka zaci na manta?"

"Kin shafa masa farar ƙasa kafin nan?"

"Wane kasko ne ba a shafa wa? Da safen ranar na shafa, har biyu ma." Ta juyo ta dube shi sosai, tsumma a hannu. "Me ka yi wa yarinyar?"

Ya gaya mata. Ta saurara ba ta katse shi ba, abin da ba ta saba ba. Da ya gama ta juya tortiya da yatsu.

"To tashi ka je ka faɗa mata."

"Jibi ne kwamitin."

"Shi ya sa na ce ka tashi."

A cikin bas ya yi ta juya abin. Ba wanda ya sani sai shi da Hermila. In ya yi shiru, Briseida za ta shiga ranar Juma'a ta yi faɗa da zuciya ɗaya, wataƙila ma ta ci. Sai kuma wata rana wani a wata ƙasa ya nemi tokar Mayu ya auna, layi ya yi ƙasa, a ce 'yar Tepox maƙaryaciya ce. In kuma ya faɗa, shi da hannunsa ya rushe babin, ya miƙa wa Arriaga gaskiya. Ko ma dai ba farar ƙasar ba ce? Wannan ya riƙe har bakin ƙofar jami'a, kamar mai riƙe da ƙarfen bas.

Ya same ta tana cin gurasar semita a tsaye, ido a kan allo. Ya cire hula. Ganin haka ta ajiye gurasar.

Bai iya tsara maganar ba. Ya fara da tanderu, ya koma kan kasko, ya dawo kan takardar da ta bari. Ta gane tun kafin ya gama.

"Na ce tanderu, Baba. Na rubuta maka."

"Ya ƙone. Ban so ki dawo ki tarar..."

"Wata biyar ina auna kwalbar nan. Na tsaya gaban mutumin nan na yi masa baƙar magana." Muryarta ba ta ɗagu ba, shi ya fi ba shi tsoro. "Kaskon Mama."

"Ki ce ni ne. Su sallame ni, shekara biyu ta rage mini in yi ritaya dama. Ko ki cire babin shiru, ki ce kin sake tunani, ba sai kowa ya san dalili ba."

Ta dube shi kamar ya yi mata magana da wani yare. Sannan ta fita, ta bar ƙofa a buɗe. Ya tsaya nan da hularsa yana jin famfo yana bugawa. Ya share teburin da ba datti a kai. Ya naɗe mata sauran gurasar a takarda.

Bayan kamar rabin awa ta dawo, ido ja, gashi a ɗaure sabon ɗauri.

"Akwai sauran ɗanyar tokar Mayu a gida?"

"Akwai, a bokitin fenti."

"Je ka ɗauko. Ka haɗo da kaskon da gwangwanin farar ƙasar. Ka biya kasuwa ka sayi sabon kasko wanda ba a taɓa shafa wa komai ba."

"Me za ki yi da su?"

"Ya ce datti ne. Ina so in san wane datti, kuma nawa. Yi sauri, famfon nan ba ya jiran kowa."

Ta raba tokar kashi uku. Kashi ɗaya a tanderu. Kashi ɗaya a sabon kasko. Na uku a kaskon Hermila, ta sa shi ya shafa farar ƙasa har biyu, ya gasa a kan risho a bayan shagon ƙirarsa na jami'a, ya juya da cokali daidai yadda ya yi a watan Yuni, tana tsaye a kansa da agogo da littafi. Masu wucewa suna tsokanar sa, wai Maestro ya buɗe kantin abinci, a sa musu biyu da cuku.

Duk canjin toka sai an buɗe Tukunya an sake zuƙe iska, awa uku ko huɗu. Tokar tanderu ta shiga Laraba da yamma, layi ya yi ƙasa, ƙasa, ƙasa, sau ɗari biyu ba kuskure. Alhamis da safe ta sabon kasko, ita ma ƙasa. Casimiro ya ƙi cin abincin rana. Wajen ƙarfe uku suka kunna haske a kan kashi na uku. Briseida ta danna, faifan ya ƙwanƙwasa. Ƙwaya ta fari ta yi ƙasa, ya fara sa rai. Ta biyu ta yi sama. Ta uku sama. Ya zauna a kan akwatin kayan aiki.

Ita kuwa matsowa ta yi kusa da allo. Ta ɗebi tokar kaɗan ta tafi ɗakin madubin ƙara girma, ta daɗe. Da ta dawo ba ta yi masa maganar komai ba sai, "Gobe ka sa farar riga. Kai za ka ɗauki kaskon."

"Ba a shiga da mu ɗakin kwamiti, 'yar nan."

"Ba a taɓa shiga da kasko ba ma."

Mutum uku ne a bayan teburin ranar Juma'a: Dakta Arriaga, da wani malami daga sashen, da Dakta Ontiveros, wata dattijuwa mai sanda wadda ta koyar da Arriaga kansa. Casimiro ya shigo a bayan 'yarsa da kasko naɗe a tawul, ya zauna a kujerar bakin ƙofa. Arriaga ya buɗe baki zai yi magana, Briseida ta riga shi.

"Abin da na rubuta a babi na huɗu ba daidai ba ne. Tokar Mayu ba ta bambanta da sauran ba. Na janye."

Arriaga ya jingina da kujera. "Na gaya miki datti ne."

"Ka gaya mini, kuma gaskiyarka. Farar ƙasa ce. An busar da kwalba ta bakwai a kan kaskon tortiya." Ta nuna zane uku a bango, biyu suna kallon ƙasa, ɗaya sama. Ta nuna hoton ƙwaya guda, baƙa, da ɗigo-ɗigon fari a jikinta kamar an yayyafa mata gishiri. "Iyakar abin da ya hau kanta ke nan. Ko ma'auni ba ya jin nauyinsa. Amma ya juya cajin gaba ɗaya, a ƙarfin wutar da ka ce ba ya yiwuwa."

"Madalla. Kin gano cewa ƙazanta tana ɓata gwaji. Litinin ki fara da gilashi."

"Ba zan fara ba, Dakta. A ina ka taɓa ganin ƙura mai tsabta, in ba a kwalbar Jamus ba? Wadda ke cikin hayaƙin dutse akwai gishiri a jikinta. Ta sararin sama ma ba wanka take yi ba. In ɗan wannan ya isa ya juya ta, shi ne abin aunawa. Da toka na fara, da toka zan gama."

"Wa ya shirya kwalba ta bakwai?"

"Aikina ne. Ni ya kamata in tambaya ban tambaya ba."

"Ban ce aikin wa ba. Na ce wa ya shirya."

Casimiro ya ji ƙafafunsa sun miƙe da shi kafin ya yanke shawara. Ya zo gaban tebur, ya warware tawul, ya ajiye kaskon a kan takardun Arriaga. Garin fari ya ɗan zuba.

"Ni ne, Dakta. Tanderu ya ƙone, na kai gida, ban faɗa ba. Laifin nan nawa ne, ka rubuta shi da sunana." Ya tura hannu aljihu. "Amma Tukunyata ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka zuba mata shi ta faɗa. Wata biyar tana gaya mana akwai wani abu a tokar nan, mu ne ba mu ji ba. Wannan ma ka rubuta."

Dakta Ontiveros ta miƙa yatsa ta shafi fuskar kaskon, ta duba, ta murza.

"Fulgencio, ɗauke takardunka, za su yi fari," ta ce wa Arriaga. Ta juya wurin Briseida. "Sau nawa kika maimaita?"

"Sau ɗaya, jiya."

"Ɗaya ba komai ba ne. Kaurin farar ƙasar da aka shafa fa, wa ya san shi?"

"Matata," in ji Casimiro.

Dattijuwar ta yi dariya ta hanci. Arriaga bai yi ba. Sun sa uba da 'ya sun fita, suka tsaya a baranda kusan awa guda. Ta tagar ƙarshe ana hango Don Goyo, ɗan hayaƙi yana tashi daga kansa ya karkata gabas.

Da aka kira su, Arriaga ne ya karanta, idonsa a kan takarda. An ba ta wata shida. Za ta ci gaba da toka. Babin za a sake shi daga tushe, kuma shi ba zai sa hannu ba sai abin ya maimaitu sau uku a gabansa, da kauri daban-daban. Takardar da ta shirya aikawa mujalla a kan tokar Mayu ta mutu. Maestro Tepox kuma daga yau ba zai sake taɓa toka ko kwalba ba, za a sa wannan a fayil ɗinsa.

"Sannan a cikin kundin," in ji shi, "ki rubuta farantin yumɓu mai rufin sinadari. Kada in ga wani kasko."

"Kasko zan rubuta, Dakta. Duk wanda zai maimaita aikin sai ya san abin da zai nema a kasuwa."

Ya dube ta, ya dubi Dakta Ontiveros, wadda ta shagala da goge yatsanta da hankici. Ya tattara takardunsa ya fita.

A ƙasa Briseida ta ajiye kaskon a kan tebur kusa da kwalabe. Ta yanki 'yar takarda ta rubuta lamba ta liƙa masa a gefe. Casimiro ya tsaya daga nesa, hannu a baya, kamar baƙo. Shekara uku shi ke tankaɗe tokar nan.

"Uwarki za ta nemi abinta," ya ce.

"Ka kai mata sabon."

"Za ta ce bai horu ba."

"Sai ta hora shi. Ka ce mata kuma ina buƙatarta ranar Litinin, ta zo da tsummanta."

Ya gyaɗa kai. Yana so ya tambaye ta ko ta huce, ya ga ba yau ba. Ya juya zai tafi shago.

"Baba."

"Na'am."

"An ce kada ka taɓa toka. Ba a ce kasko ba. Ina son mazauni na ƙarfe da zai riƙe shi a kan wuta ba ya motsi, da wurin sa ma'aunin zafi a tsakiya. Kafin Litinin."

Ya ciro tef ɗin awo daga aljihu, ya matso, ya fara da faɗin bakin.